Gurbi a Cikin Waƙar Renae

Jilakarra, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga jikata Renae, a Adelaide,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta daɗe a bakina tana neman mai karɓa. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da duk wanda kuke cin abinci tare. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ƙudaje, sai kuma gwiwata ta hagu da ba ta son a tashe ta da safe.

Ni ne Clancy Jangala, mahaifin mahaifiyarki. Na yi ta gwada layin nan a bayan kwalin shayi kafin in sa shi a takarda mai kyau. Da kaina nake rubutawa, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. Duk ƙuruciyata a kan doki na yi ta ina bin shanun Turawa, sai da kaina ya yi fari na shiga ajin manya na yamma. Malamarmu Misis Doyle takan ce haruffana kamar sawun jimina a yashi. In kin ga wani ya karkace, ki bi sawun, zai kai ki.

Matar ofishin da ke haɗa waɗanda aka raba da danginsu ta zo mana da labari biyu a baki ɗaya: 'yarmu ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma ta bar 'ya. Na farkon mun yi kukansa yadda ya kamata, mata sun shafa farar ƙasa. Na biyun kuwa, ko ina shan shayi sai in ji ina dariya ni kaɗai.

Mahaifiyarki tana 'yar shekara uku kunnenta ya fara ruwa, motar gwamnati ta ɗauke ta zuwa asibiti a kudu. Aka ce mana kwanan nan za a dawo da ita. Kakarki Lottie ta wanke mata ɗayar rigarta ta ninke. Mun tambaya a Alice Springs, mun tambayi 'yan mishan, kowa ya nuna mana ƙofar wani. Don in iya tambaya da kaina na koyi karatu, ga shi ashe ke zan rubuta wa.

Da aka miƙa wa Lottie hotonki, ta kai shi har bakin hancinta, ta ce, “Tsoho, goshinka ne. Kaicon yarinya!” Na ce mata ai da goshin nan na same ki. Ta ce ba ta duba da kyau ba a lokacin.

Matar ta kunna mana waƙoƙinki a wayarta. Gaskiya ban kama ko rabi ba. Kina zuba magana kamar mai gwanjon shanu ranar kasuwa. Samarinmu sun ce hip-hop ake ce masa, kuma wai kin iya. Amma na ji inda kika ce kin tambayi madubi ke 'yar wace ƙasa ce, bai amsa ba. To madubi bai san kowa ba, ni zan amsa. Ke Napanangka ce. A nan kowa da irin wannan sunan ake haifarsa, ta wajen uwa yake bi, kuma shi ke nuna miki wace ce uwarki, wace ce 'yar'uwarki, ko da yau kika fara ganinta. Ni za ki ce mini jamirdi, ni ma haka zan ce miki. Tsakaninmu akwai wasa, saboda haka ki shirya.

Lottie ba ta rubutu, ƙirjinta kuma ba ƙarfi. Ma'aikaciyar asibitinmu ta ɗauki muryarta a waya za ta aiko miki. Kiran abinci ne, wanda take yi wa yara in rana ta faɗi: ku zo, ku zo, wuta ta yi. Tun da aka tafi da 'yarta, a bakin hanyar kudu take tsayawa ta yi shi.

A watan Agusta muna bikin wasanni. Ana ƙwallo da rana, da yamma makaɗa su hau bayan tirela. Ki zo ki hau. Zan gasa miki wutsiyar kangaru a toka. Kada ki kira ni a waya, kunnena ɗaya doki ya kashe shi tuntuni. Ki rubuto, jirgin wasiƙa na zuwa duk mako.

Jamirdinki,
Clancy Jangala

Adelaide, 2 ga Maris

Jamirdi,

Na rubuta daidai? Na yi ta faɗa a cikin bas har wata mata ta matsa daga kusa da ni. Ina gaishe ka, ina gaida kakata Lottie, a kuma gaida gwiwar nan. Ni lafiya. Da rana ina aiki a wurin wankin zannuwan otal, da yamma ina situdiyon wani abokina. Goshin kuma na gode, tun a firamare nake shan tsiya a kansa, yanzu na san wanda zan kama.

Bari in gaya maka ita. Mutanen da suka rene ta Maureen suka sa mata. Sun ce mata iyayenta ba sa sonta. Ba ta yarda ba, ba ta kuma ƙaryata ba, shiru kawai take yi. Ta iya ɗinki, tana son ƙwallo, ba ta son ganin farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Kunnen da aka ɗauke ta dominsa bai taɓa warkewa ba, jamirdi. Har ta rasu, in zan yi mata magana sai na zaga ɓangaren dama.

Shiru ne ya rene ni a gidan nan. Shi ya sa da na kama makirufo na sa wa kaina ƙa'ida: duk wanda aka goge, zan kira sunansa da ƙarfi. In na hau dandali nakan ce kowa ya faɗi sunan nasa da aka ɗauke. Ka ga manyan maza suna kuka.

Don haka ina roƙonka abu ɗaya. Wane suna kuka sa wa Mama? Ta tafi ba ta sani ba. Ni ina so in sani.

Muryar kakata ta iso. Kullum sai na ji ta kafin in fita. Agusta ina nan tafe, na riga na nemi hutu.

Taka,
Renae Napanangka

Adelaide, 20 ga Mayu

Jamirdi,

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya. Ma'aikaciyar asibitinku ta kira ni ta gaya mini kakata Lottie ta rasu. Allah ya ba ka haƙuri. Na san abin da ya sa ban ji daga gare ka ba, ban yi fushi ba.

Saura kaɗan in gan ta. Na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na shiga situdiyo. Na yi mata waƙa, na sa mata suna Lottie. Baitukan nawa ne, amma amshin muryarta ce, kiran nan nata a kan kiɗa. Ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba. Na sa ta a intanet, mutane sun yi ta turawa, wasu daga can wajenku ma. Wani dattijo ya rubuto mini cewa haka uwarsa take kira.

Waɗanda suka ɗauke Mama sun sa ta yi kira shekara da shekaru ba mai ji. Yanzu ƙasar nan duka za ta ji. Ita zan fara yi a kan tirelar nan a Agusta, a gabanka.

Ka ci abinci, ka ji?

Renae Napanangka

Jilakarra, 4 ga Yuni

Renae,

Gaisuwa. Ina lafiya.

Waƙar nan ki cire ta daga waya yau ɗin nan. Kada ki ƙara rubuta sunan nan, kada ki faɗe shi. Na mahaifiyarki ma ba zan rubuta ba. Maganar Agusta ki dakata tukuna.

Jirgi zai tashi.

Clancy

Adelaide, 12 ga Yuni

Malam Clancy,

Tunda haka ka sa hannu, haka zan kira ka. Ina fata kana lafiya.

Na karanta takardarka a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, ban ko zauna ba ta ƙare. Wata uku ina jira, abin da na samu ke nan.

In waƙar ce ba ta yi muku ba, ka ce ba ta yi ba. In kiɗanmu ne abin kunya a wurinku, ka faɗa, na saba ji. Malamai sun ce mini hayaniya ce. Dangin da suka reni Mama sun ce in bar tonon abin da ya wuce. A jana'izarta ma Maureen aka rubuta a kan dutse, na tsaya ina kallon sunan wata. Duk rayuwata ana ce mini yi shiru, kada ki faɗa, ki dakata. Ban zaci zan ji shi da rubutunka ba.

Ka ce ni Napanangka ce, na yarda, na gaya wa kowa. Ashe sunan na aro ne, ana karɓewa in mutum ya buɗe baki. Wataƙila na yi fari da yawa, ko na yi birni da yawa. Gara ka gaya mini kai tsaye da in zo a juya mini baya a gaban jama'a.

Waƙar ban cire ba. Muryar nan ni aka aiko wa. Ita ce kaɗai abin da na taɓa samu daga hannun kakata, kuma ita da bakinta ta ce in zo.

Hutun Agustan da na nema a wurin aiki zan mayar musu.

Renae

Jilakarra, 21 ga Yuni

Jamirdina, jikata Napanangka,

Ina gaishe ki da hannu biyu. Jikina lafiya, ina cin abinci kamar yadda kika ce, ko da yake ba ya wucewa da daɗi. Takardarki ta zo. Na karanta, na kai wa Misis Doyle tawa da na tuna da ka, na faɗa mata abin da na rubuta miki. Ta ce, “Clancy, wannan ai sammaci ne ka aika wa yarinya.” Gaskiyarta. Matuƙin jirgi yana tsaye a kaina lokacin, zuciyata kuma ba ta wurin. Yau na zauna a inuwa, fensir biyu na feƙe. Ki ba ni kunnenki.

Ba a karɓe miki komai ba. Ba wanda ya isa. Fari da birni kuma kada in ƙara ji.

Ga abin da ya kamata in gaya miki tun takardar farko, murna ta sa na tsallake. In mutum ya rasu a wurinmu, muna ajiye sunansa. Kumanjayi muke cewa a madadinsa, kuma duk mai suna irin nasa haka za a riƙa kiransa har lokaci ya yi. Muna barin gidan, mu koma zaman makoki a waje. Mata su yanke gashi, su share sawun ƙafarsa da ganye duk inda ya taka, a yi wa ɗakin hayaƙi, a juya hotuna. Ni yanzu a wurin ƙanena nake kwana. Wanda ya tafi yana da doguwar tafiya zuwa ƙasarsa. In ana kiransa zai yi ta waiwaye, mu ma da aka bari ciwon ba zai kama bakin rufewa ba. Murya kuwa ta fi suna nauyi.

Ranar da motar kaya ta zo, kowa yana bakin kanti. Matan makoki sun fito karo na farko, har da Winnie, ƙanwar kakarki, wadda a wurinmu ita ma kakarki ce. Sai ga wasu samari daga wani gari a mota, gilashi a sauke, kiɗa har ƙasa na amsawa. Ba su san komai ba, waƙa suka samu a waya ta yi musu daɗi. Muka ji muryarki, na fara murmushi. Sai kiran ya fito.

Jikata, ban san yadda zan rubuta miki shi ba. Mata suka zubar da kaya, gari da gwangwanaye a ƙasa. Wasu suka toshe kunne suka ruga. Winnie ta zube tana buga kanta da gwangwanin madara har jini ya fito, sai da aka riƙe ta. Yaran motar suka kashe, suka fito suna ba da haƙuri.

Da yamma Winnie ta same ni da sandarta. Ta ce, “Jangala, wa ya tono 'yar'uwata ya sa ta a mota ana yawo da ita?”

Na ce, “Jikarki ce. Don ƙauna ta yi. Ba ta sani ba.”

Ta ce, “Ba ta sani ba? Wa ya hana ka gaya mata, kai mai takarda? Kullum kana ajin yamma da fensir a bayan kunne kamar ɗan sanda, ashe goshi kawai kake rubutawa.”

Ta ce muddin muryar nan na yawo, ba za ki hau tirela ba, ba za ki zauna a wutar mata ba. In Winnie ta faɗa, mata sun faɗa. Ni zan iya tarbar ki a bakin hanya, amma namiji ba ya shigar da mace cikin mata. In ba su buɗe miki ba, za ki zo ki koma baƙuwa. Abin da nake tsoro ke nan da na ce ki dakata. An riga an yi wa mahaifiyarki haka a can, ba zan so a yi miki a nan ba.

Na gane abin da kike nufi da kiran suna. Waɗancan mutanen sun ɗauke sunan 'yata don ya ɓace. A can inda kike, in ba ku kira ba, ba mai kira. Ku yi ta kira, ina bayanku. Amma a nan ba wanda ya manta. Kowa ya san wadda ba a faɗa, shi ya sa ba a faɗa. Sunan mahaifiyarki yana nan a ajiye tun ranar da motar ta tafi. Mu a wurinmu bana ta rasu, tunda bana muka ji. Ba na takarda ba ne, amma naki ne, za ki same shi.

Saura abu ɗaya, kada ki gaya wa Winnie. A bakin kantin nan, da kowa ya toshe kunne, ni ban toshe ba. Kunnena mai kyau na juya wajen motar. Na ji ta har aka kashe. Ta yi kyau, jamirdi. Kin ɗora ta a kan kiɗan kamar yadda ake ɗora yaro a kan doki mai hankali. Saboda haka kada ki goge muryar. Ki ɓoye ta wuri mai kyau. Wata rana mata za su ce lokaci ya yi, in ina raye mu ji tare.

Hutun nan kada ki mayar tukuna. Ban san yadda za a yi ba, amma kada ki mayar.

Jamirdinki har kullum, mai goshin,
Clancy Jangala

Adelaide, 18 ga Yuli

Jamirdi,

Ina gaishe ka. Ka yafe mini “Malam Clancy”. Na daɗe ban amsa ba don kunya ce ta hana ni. Yaya kan kakata Winnie? Tun da na karanta maganar gwangwanin nan ban ƙara jin muryar ba.

Na cire waƙar. Na roƙi duk wanda ya tura ya goge, na faɗi dalili. Wasu sun goge, wasu sun ce na ji tsoro ne. Ba zan iya kamo duka ba, ka gaya musu gaskiya. Muryar na ɓoye ta kamar yadda ka ce.

Baitukan na gyara, duk inda sunan yake na sa kumanjayi. Amshin ne ya gagare ni. Na gwada yin kiran da kaina, ya fito kamar ina kwaikwayo. Na gwada sarewa, na gwada 'yan mata uku, ba abin da ya zauna. Abokina ya ce a datse wurin a haɗe baitukan. Na kasa. Sai na bar shi haka. In an zo wurin, kiɗa ne kawai yake tafiya, ba kowa a kai.

Ga faifan. Ban sa shi ko'ina ba, kai ne na farko. In ya dace ka kai wa kakata Winnie, ka kai. In ta ce a'a, ba zan zo bana ba, kuma ba zan yi fushi ba. Mama ta jira fiye da haka.

Hutun yana nan.

Jikarka,
Napanangka

Jilakarra, 29 ga Yuli

Jamirdina!

Gaisuwa, gaisuwa, gaisuwa. Kowa lafiya, kan Winnie ya warke, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. In kin ga haruffan yau sun fi karkacewa, jiminar ce take rawa.

Faifai ya zo. Abin kunna shi a tsohuwar motar ƙanena kaɗai yake, sai na tuƙa ta zuwa wajen zauren mata. Namiji ba ya shiga, don haka na tsaya daga nesa wajen tankin ruwa, na buɗe ƙofofi, na aika a kira mini Winnie. Rana ta yi sanyi lokacin. Ta fito da sandarta, mata na biye da ita.

Ta ce, “Mai takarda, me ka zo da shi kuma? In ita ce, yau gilashin motar nan zai ga ta kansa.”

Na ce, “Ba ta ciki. Na ji da kaina.”

Ta ce, “Da wane kunnen?”

Na kunna. Kika fara zubawa. Ta tsaya ta harɗe hannu a kan sanda, fuska kamar ƙofar kanti ranar Lahadi. Da kika ce kumanjayi, na ga wata tsohuwa ta taɓa ta kusa da ita. Sai aka zo gurbin. Kiɗa na tafiya, ba kowa. Wani kare ya yi haushi.

Winnie ta ce, “Motarka ta lalace.”

Na ce, “Ba ta lalace ba.”

Kika dawo da baiti na biyu, inda kike maganar zagawa ɓangaren dama don mahaifiyarki ta ji. Wannan karon na kama duka, kin ga na fara iya gwanjo. Aka sake zuwa gurbin. Ba wanda ya yi motsi. Mata suka sunkuyar da kai, don kowa ya san wadda ya kamata a ji a wurin. Winnie ta daɗe tana kallon ƙasa. Can ta ce, a hankali, “Yarinyar nan ta share sawu.”

Ba ta gama ba. Ta ɗago ta harare ni kamar ni na yi waƙar. Ta ce, “Amma wa yake barin lokacin abinci ba mai kira? So take yara su kwana da yunwa? Kiran nan ai na uwarmu ne, tare muka koya. Ni ban mutu ba.”

Da gurbi na uku ya zo, ta miƙa wa wata sandar, ta juya ta fuskanci hanyar kudu, ta sa hannu a gefen baki, ta kira. Muryarta ta fi ta kakarki kauri, ta kuma fashe a tsakiya, amma ta kai ƙarshe. Ni dai sitiyari na riƙe.

Yanzu ki ji abin da ya biyo baya. Yaran da ke filin ƙwallo suka ji kira, suka bar ƙwallon suka rugo, wasu har da kofuna. Suka kewaye ta suna jira. Ba ta dafa komai ba! Ta ce, “Kun ga abin da jikar Jangala ta ja mini.” Dole mata suka hura wuta, aka kwaɓa gari aka gasa burodi a toka, aka ɗora shayi. Nan aka yi dariyar farko tun da muka fita daga gida. Ni ma an miƙo mini nawa ta tagar mota.

Ga saƙonta, yadda ta faɗa: “Ka rubuta mata ta zo. Ka rubuta da kyau wannan karon. Ka ce zan hau tirelar, amma a sa mini kujera, kuma ta rage gudun kiɗan nan, ni ba doki ba ce.” Ta ce kuma sunan da kike nema ita ta fara faɗarsa, don a hannunta aka haifi mahaifiyarki. In lokaci ya yi, ita za ta raɗa miki a kunne. Kada ki tambaya, za ta kira ki.

Yanzu bari in gaya miki komai tun da wuri, na daina tsallake. In kin iso kada ki fara zuwa wurina, ko kin gan ni. Ki wuce wurin mata, ki zauna a ƙasa, ba sai kin ce komai ba. Za su rungume ki ɗaya bayan ɗaya su yi kuka a kanki, na kakarki da na mahaifiyarki. Ki bar su, in naki ya zo ki sake shi. Wanda ya miƙo hannu, ki taɓa a hankali, ba a girgizawa. Kada ki zo da hoto a fili. Ki zo da bargo mai kauri, sanyin Agusta a nan ba ya wasa. Ki zo wa Winnie da ganyen shayi, ba na ƙulli ba, ta ce wannan na marasa haƙuri ne.

Bas ɗin daji yana tasowa daga Alice Springs ranar Alhamis da safe. Wutsiyar kangaru na riga na sa an ajiye mini biyu a firjin kanti, na ce duk wanda ya taɓa zai gamu da Winnie.

Inda kwalta ta ƙare akwai wata bishiya a hannun hagu, a bakin hanyar kudu. Nan ake tsayawa. Ba zan yi miki magana ba sai mata sun gama da ke, amma ki leƙo ta taga. Za ki ga wani tsoho ya cire hula don ki ga goshin.

Jamirdinki,
Clancy Jangala